Shin injin MRI zai iya faɗin zaƙin kankana ba tare da an yanka ta ba?

Wani dattijo da ke sana'ar kankana da lemo a kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa ya aiko da tambaya ta hannun ɗansa, wanda ke karatun kimiyya. Ya ce otal-otal da manyan kantunan da yake kai wa kaya sun fara yi masa ƙorafi cewa kankanarsa wani lokaci lami ce, shi kuwa ba zai iya yanka kowace ɗaya ya ɗanɗana ba. Sai yaron ya gaya masa wai injin nan na asibiti da ake kira MRI yana iya faɗin zaƙin ɗan itace yana nan yadda yake, ko ƙwarzane ba a yi masa ba. Yana so ya san ko gaskiya ne, da yadda abin yake aiki, da kuma ko zai yi masa amfani.

Alhaji, Allah ya ƙara girma, yaronka bai faɗi ƙarya ba, amma akwai rabin maganar da ba a gaya masa ba. Injin ba ya ɗanɗana komai, kuma a mafi yawan lokuta ba sigan ma yake aunawa kai tsaye ba. Abin da yake ji shi ne halin da ruwan cikin ɗan itacen yake ciki, sannan wani lissafi ya juya wannan bayani ya zama kintacen zaƙi. Shi kuwa lissafin, ba a samun sa sai an yanka ɗaruruwan 'ya'yan itace an matse ruwansu an auna. Saboda haka awon da ake yi wa kirari da cewa ba ya ɓata kaya, a kan kayan da aka riga aka ɓata yake tsaye, kuma ingancinsa ba ya wuce ingancin waɗannan da aka yanka.

Kai ma ka daɗe kana yin irin wannan aiki da hannunka. Idan ka ɗaga kankana ka jijjiga nauyinta, ka ƙwanƙwasa ta da yatsa ka saurari amonta, ka duba inda ta kwanta a ƙasa ko ya yi ruwan ɗorawa ko yana nan fari, awo ne kake yi ba tare da yanka ba. Abin da ya sa kunnenka yake gane amon nunanniya kuwa shi ne dubban kankanar da ka ƙwanƙwasa, daga baya aka fasa su a gabanka ka ga abin da ke ciki. Injin ya fi yatsa ji, lissafin kwamfuta ya fi ƙwaƙwalwa riƙe adadi, amma tsarin guda ne.

Kafin a shiga maganar injin, dole a tsai da abin da ake nufi da zaƙi, domin a nan ne rigingimu da yawa tsakanin mai sayarwa da mai saye suke farawa. Ma'aunin da duniya ta saba da shi shi ne Birikis, wanda ya samo sunansa daga wani Bajamushe na ƙarni na 19, Adolf Brix. Birikis 1 na nufin giram 1 na siga a cikin giram 100 na ruwan da aka narka shi. Ana auna shi da wata ƙaramar na'ura mai kama da guntun tabarau na hangen nesa, rifiraktomita, wadda ake ɗiga wa ruwan ɗan itacen, ita kuma ta duba yadda haske ya karkata da ya ratsa ruwan. A ƙa'idojin ingancin kankana na Ma'aikatar Noma ta Amurka, wadda tsakiyarta ta kai 8 ana ɗaukar cikinta mai kyau, wadda ta kai 10 kuma mai kyau ƙwarai. Sai dai na'urar tana ƙidaya duk abin da ya narke a ruwan ne, har da tsami da gishirin jikin ɗan itacen. Shi ya sa lemon tsami yake iya ba da adadin da bai yi nisa da na kankana matsakaiciya ba, alhali babu mai kiran sa zazzaƙa. A lemon zaƙi, abin da harshe ke ji ya dogara ne ga yawan siga idan an gwada shi da yawan tsami. Bayan haka, sigan da ke cikin 'ya'yan itace iri uku ne, sukuros da gulukos da furuktos, kuma furuktos ya fi sauran zaƙi a baki, gulukos kuwa shi ne na baya. Kankana biyu masu Birikis ɗaya suna iya bambanta a ɗanɗano saboda wannan.

Yanzu sai injin. Tushensa wani abu ne da ake kira NMR a taƙaice, wanda Felix Bloch da Edward Purcell suka gano a Amurka a 1946, kowannensu da tawagarsa, aka kuma ba su kyautar Nobel a 1952. MRI na asibiti reshe ne na wannan, wanda ya ƙara da fitar da hoto, kuma Paul Lauterbur ne ya fara nuna yiwuwar hakan a 1973. Abin da ke faruwa shi ne, kowace ƙwayar ruwa tana ɗauke da ƙwayoyin haidirojin biyu, kuma cibiyar kowace ƙwayar haidirojin tana da halin ɗan ƙanƙanin maganaɗisu. Idan aka sa ɗan itace a cikin babban maganaɗisu, waɗannan ƙananan sai wani ɗan kaso daga cikinsu ya rinjaya wajen fuskar babban. Sai a buga musu igiyar rediyo ta ɗan lokaci kaɗan a daidai zangon da suke amsawa, su karkace gaba ɗaya, sannan a kashe rediyon a saurari amon da suke mayarwa. Zangon da suke amsawa ya dogara ga ƙarfin maganaɗisun: megahaz 42.58, wato bugu miliyan 42.58 a daƙiƙa, ga kowace tesla guda, wadda ita ce ma'aunin ƙarfin maganaɗisu. Injin asibiti mai tesla 1.5 yana aiki ne a wajen megahaz 64, wato ƙasa kaɗan da zangon gidajen rediyon FM. Babu hasken eksire a cikin wannan, kuma ɗan itacen da ya fito daga injin bai canza da komai ba, ana iya shan sa nan take.

Daga wannan amon, hanyoyi biyu ake bi a nemo siga, kuma ya kamata a bambanta su sosai, domin masu tallar na'ura sukan cakuɗa su.

Hanya ta farko ita ce a saurari muryar sigan shi kansa. Haidirojin ɗin da ke jikin siga yana amsawa a zangon da ya ɗan kauce wa na ruwa, amma kaucewar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, wajen kashi ɗaya cikin miliyan. A maganaɗisu mai tesla ɗaya, hakan na nufin bambancin bugu 40 da 'yan kai a cikin bugu sama da miliyan 42 na kowace daƙiƙa. Ga kuma wata matsalar: a ruwan da ke da Birikis 10, idan aka ƙidaya haidirojin ɗin da ke ba da muryar siga aka gwada da na ruwa, bai wuce ɗaya cikin ashirin da biyar ba. Kamar mutum ne yake neman jin raɗa a kusa da mai shela. Ana iya jin ta, amma sai ƙarfin maganaɗisun ya daidaita a duk faɗin wurin da ake aunawa, har bambancin wannan gefe da wancan ya kasa kashi ɗaya cikin miliyan. Samun haka a cikin ɗan bututun gwaji abu ne mai sauƙi, samun sa a faɗin kankana mai kilo bakwai kuwa aiki ne ja. Ɗan itacen ma yana ƙara dagula al'amarin, domin 'yan ƙananan guraben iskar da ke tsakanin ƙwayoyin tsokarsa suna karkatar da ƙarfin maganaɗisu a kewayensu, sai muryar ruwa ta bazu ta rufe ta siga. Tuffa, wadda ke da iska da yawa a cikinta, ta fi ba da wahala, su inibi da lemo masu cike da ruwa sun fi sauƙi. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun yi aiki a wannan fanni tun ƙarshen shekarun 1980, suka nuna cewa ana iya kintata siga a wasu ƙananan 'ya'yan itace da kuma mai a cikin fiya ta wannan hanya. Inda ta yi aiki, ita ce na fi amincewa da ita, domin abin da ake nema shi ake ji.

Hanya ta biyu, wadda ita ce aka fi bi da ƙananan injina masu araha, ba ta neman muryar siga ko kaɗan. Tana duba tsawon lokacin da amon ruwa yake ɗauka kafin ya mutu, abin da ake kira T2. Ka ɗauka 'yan mata ne suke lugude a turmi, sun fara a tare, taɓarya na sauka a kan ƙa'ida. Idan babu mai damun su za su daɗe a haka, amma idan wurin ya cika da masu giftawa ana bangazar su, nan da nan kiɗan zai watse. Tsantsar ruwa yakan riƙe amonsa har daƙiƙa biyu ko fiye. Ruwan da ke cikin ɗan itace kuwa yana gogayya da bangon ƙwayoyin tsoka da sitaci da siga, yana ma musayar haidirojin da sigan, saboda haka amonsa yake saurin mutuwa. Ana auna wannan ne da jerin bugun rediyo da Carr da Purcell suka tsara a 1954, Meiboom da Gill suka gyara a 1958, wanda ke fitar da ɗaruruwa ko dubban maki a jere, suna raguwa sannu a hankali. Idan aka warware jerin da lissafi, a 'ya'yan itace irin su tuffa akan ga ruwan ya kasu gida uku: mafi yawa yana cikin babbar jakar da ke tsakiyar kowace ƙwayar tsoka, inda akasarin siga yake, wani yana cikin ruwan da ke kewaye da jakar, ɗan kaɗan kuma yana manne da bango. Ana kuma iya auna saurin yawon ƙwayoyin ruwa, wanda ke raguwa idan siga ya yi yawa, kamar yadda ruwan zuma ya fi ruwan randa kauri.

Matsalar wannan hanya ita ce, ba siga kaɗai ke taɓa T2 ba. Girman ƙwayoyin tsoka yana taɓa shi, haka laushin ɗan itacen, da buguwar da ya yi a mota, da ƙishin da ya sha a gona, da iskar da ke cikinsa, da zafin jikinsa a lokacin awo. A mangwaro da ayaba ma abin yakan juya, domin yayin da suke nuna sitaci ne yake narkewa ya zama siga, kuma ɓacewar sitacin tana iya tsawaita amon a daidai lokacin da ƙaruwar siga take neman gajarta shi. Babu wata doka guda da za a ce amo mai tsawo kaza daidai yake da Birikis kaza. A nan ne lissafin ƙididdiga yake shigowa, kuma a nan ne nake so in daɗe, domin a nan ake yaudarar mutane, wani lokaci ma mai binciken kansa yake yaudara bai sani ba.

Ga yadda ake gina lissafin. A ce an ɗauki kankana 200. Kowace ɗaya a sa ta a injin a adana jerin makin da ta bayar, sannan a yanka ta a auna Birikis ɗinta da rifiraktomita. Sai a ba kwamfuta 150 daga ciki, da amonsu da Birikis ɗinsu, ta nemo haɗin da ke tsakani. Tun da makin kowace kankana sun fi yawan kankanar gaba ɗaya, kuma makin suna bin juna, wanda ya tashi na kusa da shi ma ya tashi, lissafin da aka saba koya a makaranta ba ya iya ɗaukar su. Hanyar da aka fi amfani da ita ita ce wadda ake kira PLS, wadda Herman Wold na ƙasar Suwidin ya assasa, ɗansa Svante Wold kuma ya shigar da ita fannin kimiyyar sinadarai. Aikinta shi ne ta dunƙule dubban makin su zama 'yan ginshiƙai kaɗan, ta zaɓi waɗanda suke tafiya tare da Birikis. Bayan an gama, sai a kawo ragowar 50 ɗin da kwamfutar ba ta taɓa gani ba, a ce ta kintata, a gwada kintacenta da abin da wuƙa ta nuna.

Wannan jarrabawa ta ƙarshe ita ce komai. Idan aka ƙyale kwamfuta ta yi ta ƙara ginshiƙai, za ta kai ga faɗin Birikis ɗin waɗannan 150 ɗin kusan babu kuskure, amma hadda ce ta yi ba fahimta ba, kamar ɗalibin da ya haddace amsoshin jarrabawar bara. Da an kawo mata sabuwar kankana sai ta ruɗe. Haka kuma, idan 150 ɗin da 50 ɗin duk daga gona ɗaya suke, aka cire su rana ɗaya, jarrabawar ta yi sauƙi fiye da kima. Wadda za ta gamsar da ɗan kasuwa ita ce a koyar da lissafin da kayan wata gona, a jarraba shi da na wata, a koyar da shi da kayan rani na fadama, a jarraba shi da na damina. Kai da kake sauke kaya daga Jigawa wannan mako, mako mai zuwa daga Yobe ko daga yankin Kura da Bunkure, kowanne da irinsa da ƙasarsa da ruwan da ya sha, ka fi kowa sanin cewa kankana ba ɗaya ba ce.

Akwai wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa. A ce a cikin 200 ɗin nan akwai iri biyu, ɗaya dogo mai zaƙi, ɗaya zagayayye wanda bai kai shi ba, kuma tsarin tsokarsu ya bambanta. Kwamfuta za ta iya koyon bambanta irin biyu ta hanyar tsoka, ta riƙa ba wa dogon babban adadi, sai a ga kintacenta yana dacewa a yi ta murna. Alhali ba zaƙi ta koya ba, iri ta koya, abin da yaron shagonka yake ganewa da ido daga nesa. Ranar da aka kawo dogon da aka cire bai nuna ba, za ta ba shi babban adadi kamar kullum.

Saboda haka idan wani ya zo maka da na'ura, ko ɗanka ya kawo maka takardar bincike, kada adadin da ake kira R², wanda ke nuna yadda kintace ya bi sawun gaskiya kuma iyakarsa 1 ne, ya ruɗe ku, ko da an ce ya kai 0.9. Wannan adadi yana kumbura idan aka haɗa ɗanyen kaya sharaf da wanda ya nuna luguf a gwaji ɗaya, domin bambanta waɗannan biyu ba ya buƙatar gwaninta. Abin tambaya shi ne matsakaicin kuskuren kintace a kan kayan da lissafin bai taɓa gani ba, a ma'aunin Birikis. Idan kuskuren 1 ne, ma'anarsa a bisa al'ada ita ce wajen biyu cikin uku na kintacen za su faɗa tsakanin ɗaya sama da ɗaya ƙasa da gaskiya, ragowar kuma su kauce fiye da haka. To a ce kayan motarka duk suna tsakanin 8 da 11, mai otal kuma yana son 10 zuwa sama. Na'ura mai irin wannan kuskure za ta riƙa tura masu 9 wajen otal tana mayar da masu 10 baya, har ya zama ba ta fi ƙwararren mai ƙwanƙwasa da wani abin kirki ba. Dole kuskuren ya zama ƙarami ƙwarai idan an gwada shi da bambancin da ke cikin kayan, in ba haka ba kuwa, ni a ganina na'urar ba ta cancanci kuɗinta ba.

Ko awon wuƙar da ake dogara da shi ma yana da nasa rauni. Tsakiyar kankana ta fi kusa da ɓawo zaƙi nesa ba kusa ba, kamar yadda duk wanda ya taɓa shan ta ya sani, kuma a lemo ɓangaren ƙasa ya fi ɓangaren da ke wajen kara. Idan injin ya saurari gefen kankana, mai wuƙa kuma ya ɗebo ruwa daga tsakiya, an haɗa tambaya da amsar da ba tata ba, kuma babu lissafin da zai gyara wannan.

Sai maganar zafi, wadda a Kano ba ƙarama ba ce. Ƙananan injinan NMR suna amfani da maganaɗisu na dindindin ne, kuma irin wanda aka fi yi da sinadarin niyodimiyam yana rage ƙarfi da wajen kashi ɗaya cikin dubu a duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru. Ka tuna cewa bambancin muryar siga da ta ruwa kashi ɗaya ne cikin miliyan, sai ka ga dalilin da ya sa ake kulle maganaɗisun a zafi guda da ba ya motsi. Ɗan itacen shi ma haka: kankanar da ta kwana a inuwa da wadda ta yini a saman tirela a watan Afrilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40, amonsu ba zai zo ɗaya ba ko da sigansu ɗaya ne. Lissafin da aka gina a ɗakin gwaji mai sanyi a Turai ko Caina ba zai yi aiki a rumfar Na'ibawa ba sai an sake koyar da shi a nan, da kayan nan.

Game da injin asibiti shi kansa, a cire shi daga lissafi. Maganaɗisunsa yana zaune ne a cikin ruwan iskar hiliyam mai sanyin da ya kai wajen digiri 269 ƙasa da sifili, yana buƙatar wuta ba yankewa, da ɗaki na musamman da ke tare igiyoyin rediyo na waje, kuma yana iya fizgo wuƙa ko baro daga nesa. Ko ƙananan injinan ma, ramin da ake sa kaya a yawancinsu bai wuce na bututun gwaji ko ɗan ƙaramin ɗan itace ba, kuma yayin da ramin yake faɗaɗa, nauyi da tsadar maganaɗisun suna ninkawa. Ga kuma jinkiri, domin ruwan ɗan itace yana buƙatar daƙiƙa ɗaya zuwa 'yan daƙiƙoƙi a cikin maganaɗisu kafin ya shirya ba da cikakken amo, alhali injinan tantance kaya na manyan kamfanoni suna wuce da 'ya'yan itace da dama a daƙiƙa guda.

Wannan ne ya sa a harkar kasuwanci wata hanyar ce ta yi nasara, wato haska ɗan itace da hasken infirared na kusa, wanda ido ba ya gani, a auna abin da ya dawo ko ya ratsa. Japan ta fara sa irin wannan a layukan tantance 'ya'yan itace tun wajen ƙarshen shekarun 1980, kuma yau akwai na hannu, irin waɗanda manoman mangwaro a Ostireliya suke yawo da su a gona. Ita ma da lissafin PLS take aiki, kuma duk tarkunan da na lissafa suna kanta. Rauninta shi ne hasken ba ya shiga da nisa, saboda haka ta fi dacewa da masu siririn ɓawo kamar mangwaro da tumatir, kankana da abarba kuwa suna ba ta wahala. A nan ne NMR yake da fifiko na gaske, tun da ɓawo ba ya tare shi. Kuma in za a bi ta tawa, inda hoton MRI ya fi burgewa ba wajen zaƙi ba ne, wajen aibin ciki ne: kogon da ke buɗewa a tsakiyar kankana, da buguwar da ba ta fito fili ba, da ƙwaron da ke cikin ƙwallon mangwaro, da lemon da cikinsa ya bushe. Waɗannan hoton yana nuna su ƙarara, ba sai an bi ta dogon kintace ba.

Akwai kuma abin da ya kamata ka riƙe game da kayanka biyu. Kankana da lemo da abarba ba sa ƙara siga bayan an cire su, abin da suka baro gona da shi shi ne nasu har su lalace. Mangwaro da ayaba da gwanda su ne ke ci gaba da nuna, kuma a mangwaro ba sigan ranar cirewa ake aunawa ba, busasshen nauyin tsokarsa ake dubawa, domin sitacin da ya tara shi ne zai zama zaƙin gobe. Wannan yana nufin matsalar kankanarka a gona take, a ranar da aka yanke ta daga yaɗo, kuma na'urar da ke kasuwa iyakarta ta gaya maka asarar da ta riga ta auku. Launin lemo ma ba hujja ba ne a ƙasarmu, domin ɓawonsa yana buƙatar sanyin dare kafin ya juya, shi ya sa lemon Binuwai yake zuwa kore shar alhali ya nuna.

Abin da nake ba ka shawara, Alhaji, shi ne ka sayi rifiraktomita ta hannu mai awo daga 0 zuwa 32, wadda kuɗinta bai kai asarar kaya ɗaya da aka dawo maka da shi ba, ka damƙa wa yaron nan tare da littafi. Duk motar da aka sauke, a ɗebi kankana kamar goma, daga sama da tsakiya da ƙasan lodin, manya da ƙanana, kada a zaɓi masu kyan gani kawai. Kafin a yanka kowace ɗaya, ka ƙwanƙwasa ta ka faɗi hukuncinka ya rubuta, sannan a yanka a auna tsakiya a auna kusa da ɓawo. A yi awon a inuwa, a daidaita na'urar da tsantsar ruwa ta nuna sifili kafin a fara, a goge gilashinta bayan kowane ɗigo. A rubuta garin da kayan suka fito, da manomin, da irin, da ranar cirewa. Waɗanda aka yanka ba asara ba ne, masu sayar da yanka-yanka a baro za su karɓa. Da wannan za ka iya gaya wa mai otal adadin da kayanka suka kai a rubuce, ku yi ciniki a kansa, kuma bayan rani ɗaya da damina ɗaya za ka san gonakin da kayansu ke kaiwa 10 da waɗanda ke cirewa da wuri, har ka san sau nawa kunnenka yake dacewa cikin goma. Idan daga baya yaron ya so ya kai maganar gaba, sai ya ɗauki littafin ya nufi Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero ko reshen cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa da ke Bagauda, domin duk mai son gwada NMR ko infirared a kan kankanar Kano, abin da zai fara nema ke nan: irin da garin da lokacin, da Birikis ɗin tsakiya da na gefe.